Shinkafar Da Ba Ta Taɓa Ganin Fadama Ba

Buhu na farko da Malama Sa'adiya ta soka da ƙarfen ɗibar samfur daga gindi shi ya tsayar da aikin. Ta zare ƙarfen, ta juye abin da ya fito a tafin hannunta, ta shinshina. Sai ta ce wa 'yan dako su sauko da duk abin da suka riga suka ɗora a tirela.

"Wannan ba shinkafar Haɗeja ba ce," in ji ta. "Wannan ta hau jirgin ruwa kafin ta zo nan."

Ƙungiyar Manoman Fadamar Gabas ta daɗe tana jiran wannan rana. Wani ɗan kasuwa a Ghana ya yarda zai sayi shinkafarsu, da sharaɗin ta zo da takardar shaidar asalin kaya. Takardar ita ke cewa a ƙasar nan aka shuka kayan, a nan aka girbe, a nan aka gyara. Da ita, bisa yarjejeniyar cinikin da ƙasashen Afirka suka ƙulla, kaya kan wuce iyaka ba tare da harajin da ake ɗora wa na ƙetare ba. In babu ita, ɗan kasuwar ba shi da dalilin barin tashar jirgin ruwa da ke kusa da shi ya aiko har Haɗeja. Ofishin da ke ba da takardar shi ya turo Malama Sa'adiya ta duba kafin a sa hannu.

Ta bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu lafiya lau. Amma kafin azahar ta ware tsibi guda a gefen sito. Kowane buhu a cikin tsibin, bakinsa shinkafar gida ce, har da ƙaiƙayi da 'yar tsakuwa. Daga nan zuwa gindi kuwa 'yar waje ce, doguwa, mai santsi, mai warin daɗewa. Mun saba da maha'incin da ke sa mai kyau a sama ya ɓoye mummuna a ƙasa. Wannan shi datti ya sa a sama don a yarda da shi.

Malama Sa'adiya ta fuskanci shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulmannan.

"Alhaji, ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. In kun gano wanda ya kawo buhunan nan, zan rubuta cewa laifin mutum ɗaya ne, sauran kaya su tafi. In ba ku gano ba, laifin ƙungiya ne, ba ku ba takarda. Kuma mai riƙe da makullin sito shi kwastan za su fara ɗauka. Jibi da hantsi zan koma."

Kowa ya juya ya kalli Umara.

* * *

Umara shi ke riƙe da makullin tun ranar da aka gina siton. A Haɗeja aka haife shi, a Haɗeja aka binne mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga bakin Tafkin Chadi. Ranar gayya ɗan gari ne. Ranar da abu ya lalace sai a tuna Babarbare ne. Wannan halinmu ne, kuma mummunan hali ne.

Tasi'u mai kwale-kwale ya fara.

"Makulli ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Kuma a cikinmu wa ke da dangi a tsallaken iyaka, ta inda 'yar waje ke shigowa?"

"Tasi'u, ni kake nufi?" in ji Umara.

"Ni ban kira suna ba. Kai ka amsa."

Aka yi dariyar da ba ta da daɗi. Malam Shu'ibu, dattijon da ke buɗe musu kowane taro da addu'a, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya bayyana gaskiya. Aka ce amin. Alhaji Abdulmannan ya miƙa wa Umara hannu, ba don gaisuwa ba. Umara ya ciro makullin daga aljihu ya ba shi.

Da la'asar Alhaji ya bi ta kasuwar kifi. Dillalai suka tare shi da tambaya, shi kuma bai so a ce shugabancinsa ne ya gaza. Ya tsaya a tsakiyar kwanduna ya ce da ƙarfi sun ba baƙo amana, baƙo ya ci. Kafin magariba babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Bulama, mai garin, shi ne ya ce a bar surutu, a kira Gambo.

* * *

Malam Gambo mai bin sawu ne. Daga Kafin Hausa zuwa Malam Madori, in an kore shanu ko an saci akuya, shi ake nema. Mutum ne da ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha.

Ya zo da sassafe, ya zagaya sito sau da yawa, kansa a ƙasa. Ya taɓa kwaɗon ƙofa, ya duba rufin kwano, ya bi jikin bango da hannu. Direban tirela, wanda ke da wani lodi yana jiransa a Kano, ya dinga danna ham. Gambo bai ko ɗago ba.

Ya sami Umara a ƙofar gidansa, zaune a kan turmi.

"Ya Umara, an ce ka sayar da gari."

"Haka na ji, Baba Gambo. Jiya iyalina ta je kasuwa, ko gaisuwarta ba a amsa ba."

"Yaya kake karɓar kaya?"

"Kowa yana da kasonsa, kuma kason kowa ɗaya ne. A ba shi buhunan ƙungiya, ya je ya turara, ya kai inji, ya ɗinke, ya kawo. In soka, in gani, in ce a shiga da shi."

"A ina kake sokawa?"

"A baki."

"A baki kawai?"

Umara ya dube shi kamar ya faɗi abin kunya.

"Baba Gambo, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci zan juya wa buhu in soka a gindi, a gaban idonsa? Ai na ce masa ɓarawo ke nan."

"To ga shi kai an ce maka. Alamar buhu fa? Da kowa yana zana tasa da gawayi."

"Ɗan kasuwar ya ce ba ya son zane. Bana duk buhunan kamarsu ɗaya."

"Kana da wanda kake zato?"

Umara ya girgiza kai.

"Na ɗanɗana zato jiya. Ba zan ba wani ba."

* * *

A bayan sito akwai sawu. Ƙafa ce ba takalmi, mai faɗi, yatsu a warwatse, irin ta wanda ya girma a cikin jirgi. Ta sha zuwa ta sha komawa tsakanin bangon baya da mashigin kogi. In ta taho daga kogi diddige ya nutse a laka, in za ta koma bai nutse ba. Wato ana zuwa da kaya, ana komawa hannu sake. A mashigin, hancin kwale-kwale ya bar tabo, ramin gorar tuƙi kuma yana gefen hagu.

Bahago ɗaya ne ke tuƙi a wannan mashigin.

Gambo ya same shi yana toshe ɓular jirginsa da tsumma da kwalta.

"Sannu da aiki, Tasi'u."

"Yauwa Baba. An kama shi?"

"Ƙafarka ta yi zarya a bayan sito."

Hannun Tasi'u ya tsaya.

"Ƙafa ai kowa yana da ita."

"Kowa yana da ita. Ba kowa ke kafa gora da hagu ba. Me kake kaiwa can?"

"Fitsari nake zuwa."

"Da kaya a ka? Kana da kogi guda a gabanka, sai ka tafi bayan sito?"

Tasi'u ya fara rantsuwa. Gambo ya bar shi ya gama, sannan ya kama hannun rigarsa ya ja shi har bayan sito, wurin wani tsohon zana da aka jingine. Sawun kyanwa ya cika wurin. Ya ɗaga zanan da sandarsa. Kwanduna ne na bandar tarwaɗa, manya-manya, irin waɗanda ba a samu sai a tafkin da Sarkin Ruwa ya rufe har ranar su, wato ranar da za a buɗe wa kowa kamun kifi.

Tasi'u ya durƙusa.

"Baba, ka rufa min asiri. Wallahi kifi ne kawai. Ban taɓa shinkafar kowa ba."

"Na sani. Inda buhun shinkafa ya bi, sai ƙwaya ta zuba, tururuwa ta yi layi. Nan babu tururuwa, sai kyanwa. Amma ka faɗa min, shi ya sa ka fi kowa ɗaga murya jiya? Don ido ya tsaya a kan Umara, kada wani ya zagayo baya?"

Gambo ya saki zanan.

"Saboda kwandon kifi ka jefa mutum a hannun kwastan. Maganar tafki tsakaninka ne da Sarkin Ruwa. Kada ka yi nisa da jirgin nan, zan neme ka."

Gambo ya koma ƙofar sito ransa a ɓace. Sawun da ya sa rai da shi ya ƙare a kan tarwaɗa. Bango ba ɓula, rufi ba a ɗaga ba, kwaɗo ba a taɓa ba. Saura zance biyu: ko mai makulli ya buɗe, ko kuwa shinkafar ta shigo ta ƙofa da rana tsaka, da sallama.

* * *

Malama Sa'adiya tana zaune kusa da tsibin da ta ware, tana cika 'yan ledoji da samfur. Alhaji Abdulmannan yana tsaye a kanta, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

"Malam Gambo, a taƙaice," in ji Alhaji. "Direba zai tafi, ɗan kasuwa yana ta kira. In ba ka ga komai ba, a miƙa mai makulli a wuce wurin. In ba shi da laifi ai za su sake shi."

"Alhaji, in kai aka miƙa, haka za ka ce?"

Alhaji ya juya yana amsa wayar da ba ta yi ƙara ba.

Malama Sa'adiya ta yafito Gambo.

"Baba, ni shinkafa na sani, mutanenku ban san su ba. Amma ga abin da na lura. Na tambayi yawan kason da kowa ke kawowa. Buhunan nan da na ware, kason mutum ɗaya ne daidai. Ba ƙari, ba ragi."

Gambo ya tsaya cak, abin da ba ya yi.

"Mai musanya kaya a ɓoye ba ya tsayawa lissafin kaso," in ji shi. "Abin da ya samu yake ɗauka."

"Haka na gani ni ma. Wani ne ya kawo kasonsa a haka."

"Me zai sa manomi ya sayo shinkafa ya kawo?"

"Wannan kai za ka faɗa min."

Amsar ba ta da nisa. Bana ruwa ya yi ɓarna a fadama, ya kwanta a kan gonaki da yawa. Dokar ƙungiya kuwa ita ce duk wanda ya kasa kawo kasonsa, ya rasa gurbinsa, na bayansa a layi ya shiga. 'Yar waje kuma ta cika kasuwa, ta yi araha. Wani ya rasa amfanin gonarsa bai faɗa ba.

Gambo ya yini yana bin 'yan ƙungiya gida-gida. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ruwa ya taɓa amma an samu. Manomi ya fi son ya ce maka ɗansa ba shi da lafiya da ya ce rumbunsa wayam. Ƙarya ce da muke kira rufin asiri. Da rana ta karkata Gambo ya gane tambayar maza ɓata lokaci ne. Akwai masu sanin gonar kowa fiye da mai gonar: tsofaffin da ke bin bayan masu yanka suna kala.

* * *

Iya Yagana, ɗaya daga cikinsu, tana bakin murhu tana turara 'yar shansherar da ta tsinto, wato shinkafar da ba a surfe ba. Sa'ar Gambo ce, ba ta jin nauyinsa.

"Gambo, har yanzu kana bin gindin shanu?"

"Ke ma har yanzu kina bin gindin lauje. Yaya kalar bana?"

"Ruwa ya riga mu. Amma ba a rasa ba. Zauna mana."

"Ina sauri."

"Kai da sauri aka haife ka. Ungozoma ma ba ka jira ba."

Ya tambaye ta gonar wa ta shiga. Ta shiga lissafa masa, tana yi tana motsa tukunya. Gonar Tasi'u ta fi kowacce daɗin kala, don yankansa na ragwaye ne, rabi a hannu rabi a ƙasa. Gonar Alhaji Abdulmannan kuwa ko kaza ba za ta ƙoshi ba, yana tsaye a kan 'yan ƙwadago har zangarniyar ƙarshe. Umara yakan bar musu kusurwa guda da gangan, ya yi kamar ya manta. Haka ta bi su, kowa da halinsa, kowa ta taka gonarsa ta ga masussukarsa.

"Saura Malam Shu'ibu," in ji Gambo.

"Allah ya yi wa Malam albarka. Gonarsa ta kusa ai ruwa ya cinye, kowa ya gani. Ta tsallake ce ta tsira, wadda ke bayan ciyawar kacala. Kullum can nake cika ƙwaryata. Bana ya ce kada in je, hanya duk ruwa, kada tsohuwa ta faɗa. Shi da kansa ya kawo min zakka har gida."

"Har gida?"

"Kuma a gyare. Ka taɓa ji? Tun ina yarinya shanshera ake ba mu a masussuka, mu zo mu turara mu surfe da kanmu. Shi kuwa fara tas ya kawo, ba tsakuwa ko ɗaya. Na ce Malam wannan wahala haka? Ya ce don haƙorana."

Gambo ya dogara da sandarsa. Shi da Shu'ibu tare aka yi musu kaciya. A allo ɗaya suka fara karatu.

"Ta yi daɗi?"

"Ta cika tukunya, ba laifi. Amma kamar kana tauna auduga. Ban faɗa masa ba, kyauta ce."

"Akwai saura?"

"Da jikoki a gida? Ko ƙanzo ba su bari ba. Me ya faru, na ga fuskarka ta sauya?"

"Ba komai. Wutarki za ta mutu."

* * *

Maganar tsohuwa da ɗanɗanon bakinta ba za su ɗaure dattijo ba, kuma Gambo bai so su ɗaure shi. Ya je mashigi ya ce wa Tasi'u ya kwance jirgi.

Suka kutsa cikin kacala, ciyawar nan mai tsawo da ta toshe rabin hanyoyin ruwa. Sauro ya taso musu. Tasi'u yana tuƙi. Gambo yana tsaye a hancin jirgi yana roƙon Allah ya sa ya tarar da masussuka da tsibin tattaka, karan shinkafar da aka sussuke, ya dawo ya nemi wani.

Gonar tana nan, shimfiɗe, laka ta bushe ta tsattsage. Ba tattaka. Sawun shanu kuwa ya cika bakinta ta ɓangaren burtalin da ya gangaro daga tudu.

Tasi'u ya yi ajiyar zuciya.

"Ka gani, Baba. Ya girbe, ya ba Fulani sun cinye tattakar. Haka kowa ke yi."

"Haka kowa ke yi," in ji Gambo. Ya sauka.

Ya bi sawun daga inda ya shigo. Garke ne babba. In shanu suka sami gonar da aka girbe, watsuwa suke yi, kowace ta kama gefenta, su yini, su kwanta, su tashi, su bar kashi ko'ina. Abin da mai gona ke so ke nan, taki. Waɗannan ba su watse ba. Sun shigo a jere, sun tsaya a bakin gona suna juyi, alamar ana kora su ciki da sanda, sannan suka miƙe layi ɗaya suka fice ta ɗaya gefen. Ba makwanci. Kashin da suka bari bai kai a cika kwando ba.

Gambo ya sa sanda ya ɓanɓare laka. A ƙarƙashi ga shinkafar nan kwance, ruɓaɓɓiya, ko ciki ba ta yi ba ruwa ya danne ta. Lauje bai taɓa ta ba.

Ya daɗe a tsugune. Tasi'u ya ce shi ne karo na farko da ya ga Gambo bai san inda zai sa ƙafa ba.

* * *

Washegari da hantsi aka taru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar sito. Bulama a kan kujera, Alhaji Abdulmannan a gefensa, Malama Sa'adiya da jakarta a cinya, motarta tana jira. 'Yan ƙungiya a kan tabarmi. Umara ya zauna shi kaɗai a can ƙarshe, ba wanda ya matsa kusa da shi. Malam Shu'ibu ya buɗe taro da addu'a.

Gambo ya tsaya a tsakiya.

"Ba a fasa sito ba. Ba a musanya buhu ba. Wani a cikinku ruwa ya cinye gonarsa, ya sayo 'yar waje, ya zuba ta gida a baki, ya kawo a matsayin kasonsa. Yana nan zaune. Ina roƙonsa don Allah ya faɗa da bakinsa kafin in faɗa da nawa."

Ya sunkuyar da kai don kada idonsa ya nuna kowa. Aka ji kukan kurciya. Aka ji direba yana buga taya da ƙafa. Ba wanda ya motsa.

"To shi ke nan. Malam Shu'ibu, a ina ka fitar da zakkarka bana?"

Kawuna suka juya. Wani ya ce, "Haba Gambo." Malam Shu'ibu ya ci gaba da jan carbinsa.

"Na kai wa masu ita har gida."

"Shanshera ko gyararriya?"

"Gyararriya. Tausayin tsofaffi laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Daga wace gona?"

"Ta tsallake. Kowa ya san ruwa ba ya cin ta."

"Ina tattakar?"

"Na ba makiyaya. Je ka duba, sawun shanu yana nan."

"Na je, Shu'ibu."

Carbin ya tsaya.

"Ka kira makiyayi ya kora garke cikin gonarka don a ce an girbe an cinye. Amma saniya ba ta san rufin asiri ba. Inda akwai abinci tana tsayawa, inda babu tana wucewa. Naka sun wuce a layi kamar masu zuwa mashaya. Duk manomin da ke nan ya san abin da hakan ke nufi. Jirgin Tasi'u yana mashigi, wanda ke shakka ya zo mu je."

Ba wanda ya tashi. Malam Shu'ibu ya ajiye carbin a kan tabarma. Da ya yi magana, muryarsa ba ta rawa, kuma wannan ya fi muni.

"Ruwa ya ci. A kwana ɗaya ya ci. Tun zamanin mahaifina ake cewa gonar tsallake ruwa ba ya cin ta, ni kuma a hannuna ya ci. Na ce in na rasa gurbi a ƙungiya, da shekaruna, ba zan sake samu ba. Na ce shinkafa shinkafa ce, wanda zai ci a Ghana bai san fadama ba."

"Zakkar fa?" in ji Bulama. "Wa ya wajabta maka zakkar abin da ba ka noma ba?"

"In ban fitar ba za a tambaya."

"Umara fa?" in ji Gambo. "Kana zaune aka karɓe makullinsa. Kai ka yi addu'a."

Malam Shu'ibu bai kalli ƙarshen tabarma ba.

"Na ce tun da ba shi da laifi, za su tambaye shi su sake shi."

Nan hayaniya ta tashi. Munafuki, maci amana, a kore shi, a kai shi. Muryoyin da suka yi wa Umara ihu shekaranjiya su ne dai, ba a sami sabuwa ko ɗaya ba. Mutanen da ke saurin jifa ba sa damuwa da wanda ke tsaye a gabansu, su dai a ba su wani. Bulama ya buga sanda har aka yi shiru. Gambo ya koma jikin bishiya ya juya wa taron baya.

* * *

Malama Sa'adiya ta rubuta abin da za ta rubuta. Ta ce Malam Shu'ibu zai bi ta ya yi wa kwastan bayanin inda ya sayo kayan. Sauran buhunan za a sake soka su a gindi da tsakiya, a gaban mai kula da sito, shi ma ya sa hannu kusa da nata. In an gama yau, takarda za ta fito, tirela ta tashi.

Alhaji Abdulmannan ya saki fuska. Ya ciro makullin, ya taka har ƙarshen tabarma.

"Malam Umara, ka ga Allah ya wanke ka. Sharrin Shaiɗan ne. Karɓi, a fara aiki, rana tana yi."

Umara ya kalli makullin bai miƙa hannu ba.

"Alhaji, a nan ka ce na ci amana?"

"A bar tone-tone. Abin da ya wuce ya wuce."

"A nan mutum nawa ne? A kasuwar kifi ka faɗa. 'Yan Nguru sun ji, 'yan Gashuwa sun ji, masu lodi zuwa kudu sun ji sun tafi da shi. 'Ya'yana da sunan nan za su yi aure. Inda aka faɗa, can za a janye."

"Yanzu? Ka ga direba, ka ga Malama tana jira."

"Ni ban iya sa hannu ba sai na dawo daga kasuwa."

Alhaji ya juya wurin Malama Sa'adiya yana neman ceto. Ta rufe jakarta ta gyara zama.

"Ba ni da takarda sai da hannunsa, Alhaji. Zan jira."

Haka aka tafi, a ƙafa, cikin rana. Alhaji a gaba, Tasi'u a bayansa don Bulama ya ce shi ma yana da abin janyewa, sauran suna biye kamar masu rakiyar gawa. Kasuwa ta cika, hayaƙin banda ya turnuƙe, 'yan dako suna ture juna. Alhaji ya tsaya a tsakiyar kwanduna. Dillalai suka bar ciniki suka zuba masa ido. Ya yi gyaran murya, ya ce wani abu da ko na kusa da shi bai ji ba.

Umara ya matso, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi.

"Ɗaga murya, Alhaji. Ran nan har masu banda na can ƙarshe sun ji ka."